Takarda, Almakashi da Hannun Yaro

Jawabin da aka gabatar a zaman iyalai na reshe, gab da babban hutu



An saba jin mu a wannan zaure muna maganar albashi da ƙarin girma da fansho. Yau an ɗora mana batun da wani zai ce bai kai a tara manya dominsa ba, wato yadda za a ɗauki takarda a gida a ninke ta, a yanke ta, a liƙa ta, har ta zama abin ado ko abin wasa. Muna roƙon a saurare mu har ƙarshe kafin a yanke hukunci.

Abin da ya kawo maganar shi ne abin da muke gani a aji ɗaya na firamare duk farkon shekara. Yaro zai zo da bakinsa a buɗe, ya haddace waƙoƙi, ya san inda ake latsawa a wayar mahaifinsa, amma idan aka ba shi fensir sai ya damƙe shi kamar taɓarya. Ba ya iya bin layi, ba ya iya tsayar da hannu inda aka ce ya tsaya. Malama za ta cinye zango guda tana koya wa yatsu abin da ya kamata a ce sun zo da shi daga gida. Mu da muka haura arba'in mun san dalili. Mun tashi muna ƙera motar kara, muna ɗinka wa 'yartsana riga, muna tsinka kaba muna kwaikwayon masu saƙar tabarma. Ba wanda ya ce mana darasi muke yi, amma a nan yatsunmu suka koyi auna abu da ido, suka koyi haƙuri da abin da ya karkace. Yau karan ya yi wa yaron birni nisa. Takarda kuwa tana ko'ina, musamman a gidan malami.

Bari mu ɗan waiwayi asalin wannan abu da muke rainawa. Tarihin ƙasar Sin ya nuna cewa a shekarar 105 wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ya gabatar wa sarki hanyar yin takarda daga ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin komayen kamun kifi. Sana'ar ta isa Samarƙand a ƙarni na 8, kafin ƙarshen ƙarnin kuma ana yin takarda a Bagadaza. Daga ƙasashen Musulmi ta tsallaka Andalus da Italiya. Daga Italiya ne kuma raƙuma suka riƙa ɗauko ta, ta hanyar Tarabulus, su ƙetare Sahara da ita zuwa Borno da ƙasar Hausa. Wanda ya taɓa ɗaga tsohon littafin kakanninsa a hasken rana wataƙila ya ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar, alamar masana'antun arewacin Italiya ke nan. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa wannan takarda cikin kayan da ake shigowa da su kasuwa, har ya ce da ita ake naɗe tufafin da aka rina. Kakanninmu sun san darajar abin da ya yi watanni a bayan raƙumi, shi ya sa suke rubutu har a gefen shafi.

Yau ma takarda ba araha take ba. An gina wa Nijeriya masana'antun takarda a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, amma mafi yawan takardar da muke rubutu a kai daga waje ake shigo da ita, don haka farashin littafin rubutu yake bin farashin dala. Kowane uba a nan ya ji wannan a aljihunsa. To, abin da aka saya da tsada haka, bai kamata ƙarshensa ya zama hura wuta kawai ba.

Shigar ninkin takarda cikin makaranta ma tana da tarihi. Friedrich Froebel, malamin Jamus da ya kafa makarantar ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a 1837, ya kuma raɗa mata suna kindagatin a 1840, ya sanya ninkewa da yankewa da saƙar takarda cikin ayyukan yara na yau da kullum. A 1893, a birnin Madras na Indiya, wani masani mai suna Sundara Rao ya wallafa littafi guda yana nuna yadda za a koyar da lissafin siffofi ta hanyar ninke takarda kawai, ba kamfas ba rula. A manhajarmu ta ilimi matakin farko akwai darasin fasaha da al'adu, kuma aikin takarda yana ciki. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: a makarantu da yawa mun mayar da darasin rubutu a allo. Yara suna kwafe ma'anar aikin hannu a littafi, suna cin jarrabawa a kansa, ba su taɓa riƙe almakashi ba. Aji mai yara tamanin da almakashi ɗaya uzuri ne na gaskiya. Amma abin da aji ya kasa, tsakar gida za ta iya.

Kayan aikin ba su da yawa: tsofaffin littattafan rubutu, kalandar bara, jarida, kwalin sabulu ko na ganyen shayi, almakashi, zare, fensir da rula. Gam kuma ba sai an saya ba. A dama cokali ɗaya na sitaci ko garin rogo da ɗan ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa ana juyawa kamar mai dama koko, har ya yi kauri ya washe. Idan ya huce, gam ya samu. A yi daidai na yini ɗaya ko biyu, domin yana tsami, ɗan gishiri kuma yana rage fumfuna. Wanda ke da ƙaro, irin wanda almajirai ke sa wa tawada, ya jiƙa shi ya kwana, da safe ya tace. Wannan ƙaro na itacen dakwara, da ake samu a Borno da Yobe da Jigawa, shi ne masana'antun duniya ke saye da kuɗin waje, Sudan ce kuma kan gaba wajen fitar da shi. Launi ma yana madafa: ruwan zoɓo yana ba da ja mai duhu, gangamau rawaya, lalle ruwan ƙasa, bular wanki shuɗi. A shafa da auduga, a shanya a inuwa, a danne da littafi mai nauyi kada takardar ta nannaɗe.

Mu fara da abin da ɗan shekara huɗu zai iya, wato sarƙar takarda. Takardar ofis da ake kira A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Idan aka yanka ta a kwance, kowane zirin faɗinsa santimita 2, za a sami ziri 14. A lanƙwasa na farko ya zama zobe a liƙe bakinsa, a zura na biyu a cikinsa a liƙe, haka har su ƙare. Takarda huɗu za su ba da sarƙar da ta kai mita uku. Babba ya yanka, ƙarami ya liƙa. Idan aka ce masa ja biyu, fari ɗaya, ja biyu, fari ɗaya, ya shiga darasin jeri ke nan bai sani ba.

Na biyu shi ne fitar da murabba'i, wanda kusan duk sauran aikin a kansa yake tsaye. A ɗauki kusurwa ɗaya ta takardar a ninko ta har gajeren gefe ya kwanta daidai a kan dogon gefe. A yanke abin da ya rage a ƙasa. A buɗe, ga murabba'i mai santimita 21 kowane gefe, da layin ninki ya raba shi alwatika biyu masu girma ɗaya. Kada a yar da ragowar, zirin sarƙa ne.

Daga murabba'in nan ake yin filfilwa. A ƙara ninke shi ta ɗaya kusurwar, layuka biyu su gicciye a tsakiya. A yanka daga kowace kusurwa a bi layin, a tsaya saura kamar santimita 3 a kai tsakiya. Yanzu akwai tsini takwas. A ɗauki ɗaya a bar ɗaya, a lanƙwaso huɗu zuwa tsakiya ba tare da an danne lanƙwasar ba, a soke su da fil, a cake fil ɗin a jikin kara. Idan aka sa ƙaramin dutsen ado tsakanin takardar da karan, za ta fi juyawa. Yaron da ya ruga da filfilwarsa a tsakar gida, ranar da malamin kimiyya zai yi bayanin injin da ke jawo ruwa ko samar da lantarki da iska, ba baƙon abu zai ji ba.

Sai fitilar ado. A ninka takarda biyu ta tsawonta. A riƙa yanka daga wajen ninkin, tazarar santimita 2, a tsaya saura santimita 3 a kai baki. A buɗe, a naɗe ta har gajerun gefunan biyu su haɗu, a liƙe. Idan aka ɗan danna ta daga sama sai cikinta ya buɗe kamar tulu. A liƙa mata ziri a sama ya zama mariƙi, a jera goma a zare, ƙofar ɗaki ta yi kyau. Sunanta fitila, amma ba a sa mata kyandir ko aci-bal-bal, ko da wasa.

Mafici da furen bango hanyarsu ɗaya. A riƙa ninka takarda gaba da baya, faɗin yatsa biyu, har ta ƙare. A ɗaure ƙasanta da zare, mafici ya samu. Idan fure ake so, a yi irin wannan ninki ga takarda uku ko huɗu, a karya kowace a tsakiya, a liƙe gefe da gefe har da'ira ta rufe, a manna ƙaramar da'ira mai wani launi a tsakiya. Kalandar bara ta fi dacewa da wannan, domin tana da kauri da launi.

Akwai saƙa, wadda ita ce ta fi kusa da abin da muka gada. A yanka takarda ɗaya kamar za a yi fitilar ado, a buɗe ta a shimfiɗe. A kawo zirin wani launi a riƙa cusawa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ziri na biyu ya fara da ƙasa. Wannan ita ce ƙa'idar tabarmar kaba, ita ce kuma ƙa'idar masaƙa. Yaron da ya iya wannan, a ce masa ya gwada sama biyu ƙasa ɗaya, ya ga yadda zane ke sauyawa. Idan kaka tana gida, a kai mata ta duba. Sau da yawa za a tarar ta san salo biyar da babu su a littafin malami.

Akwai kuma yankan ninki. A ninka murabba'i biyu, a sake, a sake ta kusurwa, ya zama ninki takwas. A ciccire ƙananan alwatika da rabin da'ira a gefuna, a buɗe. Duk abin da aka cire sau ɗaya ya bayyana a zagaye, dama da hagu daidai. Mutanen Sin sun shahara da wannan fasaha, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun duniya a 2009, mutanen Meziko ma suna rataya irin nasu a tituna lokacin bukukuwa. Mu ma ba mu rasa abin kwaikwayo ba. Ga dagin da ke jikin gine-ginen Kano da Zariya, ga aska takwas ta babbar riga, ga zanen hula, ga zayyanar allon sauka, ga sassaƙar ƙwarya. Mu sa yara su duba bangon fada da wuyan rigar kakansu, su zo su fitar da abin da suka gani a takarda.

Na ƙarshe, wanda manyan yara za su fi so, shi ne kwaɓaɓɓiyar takarda. A yayyaga jarida ƙanana, a jiƙa ta kwana ɗaya ko biyu, a kirɓa a tsohon turmi, a matse ruwan, a cuɗa da gam ɗin sitaci har ta zama kamar yumɓu. A kifa kwano, a rufe bayansa da leda, a shafe shi da kwaɓin, a bar shi ya bushe sarai kafin a cire a yi masa fenti. Lokacin hunturu kwana biyu ko uku sun isa, da damina sai an ƙara haƙuri. Tsofaffin malamai da ke nan za su tuna taswirar Nijeriya da ake ginawa da wannan kwaɓi a kan katako: a tayar da tsaunukan Jos, a ja kogin Kwara da Binuwai da shuɗi har su haɗu a Lakwaja. Yaron da ya gina wannan da hannunsa ba ya manta inda ruwa ke gangarawa.

Malaman lissafi, ga naku. A yanka alwatika kowace iri, a yage kusurwoyinta uku, a jera su tsini da tsini a kan layi. Za su cika layin cif, wato digiri 180. Ninki ɗaya rabi ne, biyu rubu'i, uku sumuni. A ci gaba da ninkawa a ƙirga: 2, 4, 8, 16, a ninki na bakwai an kai 128, kuma a nan takardar ofis takan gagari hannu. An daɗe ana cewa ba a wuce bakwai, sai a 2002 wata ɗalibar sakandare a Amurka, Britney Gallivan, ta lissafa tsawon da ake buƙata, ta samo takarda mai tsawon kusan mita 1,200 ta ninka ta sau 12. A ba yara wannan labari bayan sun gwada sun kasa.

Yanzu ga gargaɗi, kuma muna so a riƙe shi fiye da duk abin da ya gabata. Ba kowace takarda ce ta almakashi ba. Duk wadda ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, a ware ta a adana yadda aka saba. Kalandu da jaridu da yawa suna da irin wannan, don haka babba ya duba kafin ya miƙa wa yaro. 'Yan'uwanmu Kirista ma sun san takardun da ba za su so a gani a ƙasa ba. Sannan takardun jarrabawa masu sunan ɗalibi da makinsa, rajistar aji, takardar albashi, ta banki da ta asibiti, duk amana ce. Da yawanmu mun taɓa sayen ƙosai muka tarar an naɗe shi da amsar jarrabawar wani yaro, da sunansa da jan biron malami. Daga hannun wani malami takardar ta fita. Kada furen da ke bangon ɗakinmu ya zama sifirin ɗan maƙwabci. A ba ƙananan yara almakashi mai dakusasshen baki, reza da fil su zauna a hannun babba, bahago kuma a bar shi ya yanka da hannun da ya fi masa. Kwanon jarida na ado ne da ajiyar maɓalli, ba na abinci ba, domin tawadar ɗab'i ba ta ci ba ce.

Mun san akwai masu ja. Wani uba zai ce ɗansa yana da jarrabawar shiga sakandare, ba shi da lokacin wasa. Amsarmu ita ce awa ɗaya a mako ba za ta kayar da kowa ba, kuma hannun da ya saba auna santimita 2 shi ne zai zana siffa daidai a takardar jarrabawa. Wani zai ce ba ya son a riƙa yin siffar abu mai rai a gidansa. Duk abin da muka lissafa a yau, daga sarƙa zuwa taswira, babu mai rai a ciki. Wani kuma zai ce aikin mata ne. Tela da magini da baduku da likitan tiyata duk da yanka da aunawa suke ci, maza da mata.

Akwai kuma batun aljihu. Ranar suna, ranar sauka, ranar walima ko bikin yaye ɗalibai, mukan sayi balan-balan da adon leda. Washegari iska ta kwashe su zuwa kwata, damina ta zo su toshe hanyar ruwa. Adon takarda kuɗinsa kaɗan ne, idan ya gama aiki ya ruɓe. Baƙo kuma idan ya tambayi wanda ya yi, ga yarinya nan a tsaye za ta ce ita ce. Wanda ya taɓa ganin fuskar yaro a irin wannan lokaci ya san abin da muke nufi.

Iyaye, abu ɗaya muke roƙo: kada ku karɓe aikin daga hannun yaro don ya karkace. Filfilwar farko ba za ta juya ba, ta biyu za ta yage. Ku tambaye shi abin da yake ganin ya hana ta, ku miƙa masa wata takardar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali ake yi, in ba haka ba ya karye.

Shawararmu ga reshe guda uku ce. Kowane malami ya ajiye kwali a kusurwar aji inda za a riƙa tara takardun da aka duba aka tabbatar babu laifi a yanka su. Kowane gida ya ware yammaci ɗaya a mako cikin wannan hutu, a shimfiɗa tabarma, a ajiye waya, a zauna da yara. Sannan a zamanmu na farko bayan hutu, kowane iyali ya zo da abu ɗaya da yaro ya yi da hannunsa, mu ƙawata wannan zaure da su, ba gasa ba kyauta, kowane da sunan mai shi a jiki. Iyayenmu 'yan fansho da suka iya taswirar kwaɓi, muna roƙon su zo su nuna mana tun ana iya tambayarsu.

 Allah ya raya mana zuriya, ya kai mu bayan hutu lafiya.